Farauta A Fadamar Haɗejiya: A Mayar Da Yaro Hannun Manya

Da zarar an kawar da amfanin gona, ruwan Kogin Haɗejiya kuma ya soma janyewa daga fadamu, sai a fara jin gangi a ƙauyukan Guri da Kirikasamma da Auyo da Kafin Hausa. Lokacin farauta ya kama ke nan. Wannan sana'a ta girmi kowace hukuma ta zamani a ƙasar nan, kuma ba mai hankalin da zai nemi a kashe ta. Amma duk wanda ya lura da ayarin mafarauta na yanzu zai ga abu biyu sun sake, watau kayan aiki sun ƙaru, furfura kuwa ta ragu. Samari ne ke cika motoci da babura, riƙe da makaman da kakanninsu ba su sani ba, alhali da yawa daga cikinsu ba su taɓa yin ko rani ɗaya suna bin bayan wani tsohon maharbi ba. Wajibi ne hukuma da sarakuna su dubi wannan al'amari tun daji bai ƙare ba.

Abin da ake magana a kansa ba ƙaramar dukiya ba ce. A wannan yanki ne Kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa cikin tafkuna da fadamu kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 370 a fadamun Haɗejiya da Nguru, daga ɗinya da ƙwarwa da kirinjijiya na gida, har zuwa agwagin ruwa da ke ƙetaro Hamadar Sahara daga Turai kowace shekara don gudun sanyin ƙasarsu. Saboda haka ne aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka kuma ƙara da fadamar Baturiya, mai faɗin hekta dubu 101, a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin da za a kiyaye halittunsa, a shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta yarda a ɗaga gandun Baturiya ya zama gandun daji na ƙasa.

Adalci ne a faɗi cewa ba maharbi kaɗai ya kawo raguwar namun daji ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta sake hali. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1984 ya bar tabo. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki sun ci daji, masu saran itace kuma ba su huta ba. To, amma wannan shi ne ma ya ƙara wa maharbi nauyi. Tun da mafakar barewa da gada da zabin daji ta ƙuntata, kowane harbi ɗaya na yau ya fi goma na da illa. Gauraka, wanda a da ake ganinsa garke-garke a bakin tafki, yanzu sai an yi da gaske kafin a yi arba da shi.

A zamanin da, ba a wayi gari kurum a zama maharbi ba. Yaro yakan fara da riƙon gora da jan karnuka, ya yi shekaru yana bin ubansa ko maigidansa. A nan zai koyi bambanta sawun gada da na barewa, ya san inda iska take kaɗawa kafin ya tunkari nama, ya iya ɗaura kan burtu ya yi rarrafe har ya iso kusa da dabba ba ta farga ba. Kwari da baka ba su cin nesa, dafin ƙwanƙwani kuma ba a ba wa wanda ba a yarda da hankalinsa ba. Bindigar harba-ka-ruga ma sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗura ta. Saboda haka makamin kansa yana koya wa mai shi haƙuri. Bayan wannan akwai Sarkin Baka da manyan maharba, waɗanda ke faɗin ranar fita da dajin da za a shiga, su raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya a kan nama, su kuma tsawata wa wanda ya taɓa mace mai ciki ko mai goyo. Malaman addini ma ba su bar wannan fage ba, gama Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Haɗejiya, ta nuna cewa farauta don wasa kurum makaruhi ce.

Yau kuwa abin ya juya. Saurayi yana iya sayar da buhun shinkafa kaɗan ya sayi bindiga mai cin harsashi, ya ɗaura fitila mai ƙarfi a goshi, ya hau babur ya kai inda a da sai an yi yini biyu a ƙasa. Wayar hannu tana tara mutum ɗari cikin dare ɗaya. Dabbar da aka haske wa ido da fitila tsayawa take yi cik, ba ta san gudu ba, mai harbi kuma ba ya tantance mace da namiji. Mafi muni shi ne masu shimfiɗa raga a bakin ruwa, da masu barbaɗa hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari, su kwashe tsuntsaye a kai kasuwa, mai saye bai san guba ya kai wa iyalinsa ba. Haka kuma masu cinna wa daji wuta don su kori zomo ɗaya, su ƙone abincin garken shanu da itatuwan da suka shekara hamsin. Daga nan ne rigima da makiyaya da masu noman rani take tasowa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ga shi an sami masu cin zomo ba gudu, daji ne ke biyan bashin.

In nama ya ƙare a gida, tilas maharbi ya yi nisa, nisa kuwa tana da hatsarinta. Ba a manta da abin da ya auku a watan Maris na 2025 ba, sa'ad da aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komowa Kano daga Jihar Ribas don bikin Salla, bayan an tare motarsu an ga bindigogin farauta. Babu wani dalili da zai halatta wannan ɗanyen aiki. Duk da haka ya nuna irin halin da maharbi ke shiga in ya bar ƙasarsa ba tare da wata shaidar da kowa zai gani ya gane ba.

Akwai darasi a abin da ya faru a Amurka. A farkon ƙarni na 20 barewar ƙasar mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin 500,000, talotalon daji kuma ya kusa ƙarewa a shekarun 1930. Ba hana farauta aka yi ba. A 1937 aka kafa dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai don raya namun daji, harajin da ya kai kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi. Aka tsai da watannin farauta, aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai harba. A 1949 Jihar New York ta wajabta wa sabon maharbi ya yi karatun sana'ar kafin a ba shi lasisi, sauran jihohi suka bi sawu, da yawansu kuma suna ba sabon shiga izini ne bisa sharaɗin ya fita tare da babba mai lasisi. Yau ana ƙiyasin barewar ta kai miliyan 30, talotalon kuma kimanin miliyan 6. Abin lura shi ne, tsarin da suka sha wahala kafin su gano, watau yaro ya bi babba, shi ne wanda Bahaushe ya gada yake kuma neman yarwa.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba a ƙasar nan. Dokar makamai ta 1959 ta nemi lasisi har ga mai bindigar gargajiya. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ware dabbobin da ba a taɓawa sam da waɗanda sai da izini. Doka mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta kare waɗanda ke bakin ƙarewa. Amma dokar da ke kwance cikin fayil a Dutse ko Abuja ba ta hana kowa harbi a Baturiya. Abin da ake bukata shi ne a kai ta inda gangi yake.

Na farko, Gwamnatin Jihar Jigawa da Majalisar Masarautar Haɗejiya su sa a rubuta sunayen maharba gunduma-gunduma ta hannun hakimai da Sarakunan Baka, a ba kowa katin shaida mai hoto. Kada a ba sabon shiga izinin fita shi kaɗai sai ya yi rani biyu ƙarƙashin wani maharbi sananne, wanda zai sa hannu cewa ya yarda da hankalinsa.

Na biyu, a tsai da ranar buɗe farauta da ranar rufe ta, a yi shela a kasuwanni da masallatai da gidajen rediyo. A bar dabbobi su huta tun daga faɗuwar ruwan farko har kaka, a kuma sa wa iyakar gandun Baturiya alamun da ko baƙo zai gane.

Na uku, a bambanta kayan zamani masu amfani da masu ɓarna. Bindiga mai lafiya ta fi wadda aka harhaɗa da bututun ƙarfe, mai fashewa a hannun mai ita. Takalmin da zai kare saran maciji, da allurar rigakafin haukan kare ga karnukan farauta, da wayar neman agaji, duk ci gaba ne da ya kamata a ƙarfafa. Amma fitilar dare da raga da guba da wuta, waɗannan a hana su, a kuma hukunta wanda aka kama komai gatansa.

Na huɗu, kuɗin lasisi kada ya ɓace cikin baitulmali. A mayar da shi ga albashi da kayan aikin ma'aikatan gandun daji, a kuma ɗauki tsofaffin maharba su yi sintiri tare da su, gama ba wanda ya fi su sanin lungunan fadama. Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya suna iya fita da su kowane rani su ƙidaya tsuntsaye da dabbobi, su kuma rubuta abin da ke cikin kan dattawan nan tun suna raye.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan gaskiya ne muddin ɗan ya tashi yana ganin gudun uwar. Dattawan da suka san daji suna raguwa kowace shekara, samarin da ke sayen bindiga kuwa suna ƙaruwa. Ya rage ga ma'aikatar da abin ya shafa, da masarauta, da shugabannin maharba, su zauna su tsai da shawara kafin gangin kaka mai zuwa ya tashi.