Maganin Guba a Cikin Ruwan Jininmu

A cikin ruwan jinin ɗan Adam akwai wani inzayim, butirilkolinestares, wanda hanta ke sarrafawa. Yakan cafke guba irin ta fiya-fiya kafin ta kai ga jijiyoyi, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana ba da kariya. Sai dai lita guda ba ta wuce miligiram 5 ba, shi ya sa tace shi ke da wuya. A shekarun 1940, Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya rarrabe ruwan jini da itanol mai sanyi. Daga ragowar wannan aiki ake tsamo shi yanzu. A ganina, wajibi ne jami'o'inmu su naƙalci wannan fasaha, domin manomanmu ne ke shaƙar gubar a gona.