Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ne Olsa Ba

 Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a Kurmin Mashi da unguwannin da ke kewaye da ita. Da zarar mutum ya dafe ƙirji ya ce yana jin zafi, kafin ya rufe baki an yanke masa hukunci, an ce olsa ce, a aika yaro kemis. In ya sha magani bai ji sauƙi ba a ce iska ce. In kuwa ya je asibiti aka yi masa awon nan da a ke kira Isiji aka ce ba a ga kome ba, to shi ke nan ya zama raggo mai gudun aiki, balle in yaron shago ne ko almajiri. Mu dai muna ganin wannan gaggawa ce, gaggawa kuwa a kan ran mutum ba ta da kyau.

Ku sani ita zuciya, ko da ya ke ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, ba ta ci daga jinin da ke cikin cikinta. Tana da jijiyoyinta na kanta da ke ciyad da ita. Wannan magana ba yau aka fara ta ba, gama Ibnu Nafisi, likitan nan na Alƙahira da ya rasu a 1288, ya riga ya ambace ta cikin rubutunsa. A bisa al'ada jijiyoyin nan a bayan zuciya su ke kwance, kamar yadda yaɗo ke bin jikin bango. Amma akwai waɗanda tun haihuwa wani ɗan yanki na jijiyar ya kan nutse cikin tsokar zuciya, ya bi ta ƙarƙashi, sa'an nan ya ɓullo a gaba. Tsokar da ta haye kansa ita likitoci ke kira gadar tsokar zuciya. Galibi a babbar jijiyar hagu wadda ta gangaro ta gaban zuciya a ke samunta. Wani likita mai suna Reyman ne ya fara bayyana ta a ƙasar Jamus a 1737, sa'ad da ya ke binciken gawa, amma sai a 1960 Porstmann da Iwig suka nuna ta cikin hoton jijiyar mai rai.

Kada wannan ya tsorata kowa. Masu binciken gawa sun ce kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ita, kuma mafi yawansu su kan rayu har su tsufa ba su san da zamanta ba. Dalili kuwa, zuciya matsewa ta ke yi ta saki, kuma yawancin jinin da ke ciyad da ita a lokacin sakin ya ke shiga. Saboda haka ko gadar ta danne jijiya wajen matsewa, da an saki jini ya wuce abinsa.

Matsala tana zuwa ga kaɗan daga cikinsu, waɗanda gadarsu ke da kauri ko tsawo. Makanikai za su gane wannan da sauri. Ka ɗauka tiyon mai ne wani ke takawa yana ɗagawa: in a hankali ya ke yi, inji ba zai ji ba, amma in ya shiga takawa da sauri, tiyon bai gama buɗewa ba an sake take shi, sai mai ya yanke. Haka abin ya ke in mutum ya ɗauki buhu a Kasuwar Barci, ko ya yi gudu, ko ransa ya ɓaci ƙwarai wajen ciniki. Zuciya ta yi sauri, lokacin saki ya gajarta, jijiyar da aka danne ba ta gama komawa yadda ta ke ba, sai tsoka ta ji yunwar jini, mutum ya ji an ɗora masa dutse a ƙirji. In ya zauna ya huta abin ya lafa. To, a huce kuwa a ke kai shi awo, shi ya sa sau da yawa takarda ke fitowa ba kome. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ba hawan jini, ba ciwon sukari, ba ya shan taba, wa zai yarda da shi? Ba a ganin gadar sai da hoton Siti na jijiyoyin zuciya, ko a zura siririn bututu a zuba ruwan da ke nuna jijiya a hoto.

Ga inda mu ke so 'yan kasuwa su buɗe kunne, musamman masu kemis. Akwai ƙwayar da a ke sa wa mai ciwon zuciya ƙarƙashin harshe, naitirogilisarin. Ga wanda kitse ya toshe wa jijiya tana kawo sauƙi nan da nan. Amma ga mai gadar tsoka tana iya ƙara masa ciwo, domin ta kan faɗaɗa jijiyar ta kuma ƙara saurin bugu, dannewar ta ƙara tsanani. Shi abin da a kan ba shi maganin da ke rage saurin zuciya ne, in kuma abin ya faskara a yi aiki a tsage tsokar da ta haye jijiyar. Ciwo ɗaya a baki, magani biyu masu saɓani. Yaya mai kanti zai rarrabe su da ido? Haka wanda ke ara wa maƙwabcinsa ƙwayarsa don tausayi, bai san abin da ya miƙa masa ba. Wanda kuwa likita ya rubuta wa ita, kada ya bari don ya karanta wannan, sai ya tambayi likitansa.

Mu malamai ma akwai namu. Sau da yawa zaurenmu a ke fara zuwa kafin asibiti. A yi wa mutum addu'a, wannan ba mai hanawa, amma a tambaye shi yaushe ciwon ke taso masa. In ya ce da aiki ya ke zuwa, da hutu ya ke tafiya, to a gaya masa ya nemi likitan zuciya, a kuma gaya wa maigidansa ya sassauta masa ɗaukar kaya har a duba shi. Asibitin Barau Dikko yana nan cikin gari, ga na soja na 44, ga kuma na koyarwa a Shika ta Zariya. Ya faɗa wa likita dalla-dalla abin da ya ke yi sa'ad da ciwon ke kama shi, in awon farko bai nuna kome ba kuma ciwon na dawowa, ya koma ya nemi a tura shi gaba.

Amma wanda ciwon ya danne shi bai sake shi ba ko da ya huta, ga gumi, ga numfashi na sarƙewa, zafi na bin hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan ba a jiran gari ya waye. A nemi mota a kai shi asibiti a wannan sa'ar.