Kada A Yi Kashin Dankali

Tun zamanin ciniki na gyaɗa da fata mutanen ƙasar nan suka san kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt da P.Z. A da kuɗinsu da shawararsu duk daga Ingila suke. Amma bayan an buɗe kasuwar hannun jari a Ikko cikin 1961, kuma dokokin 1972 da 1977 suka tilasta wa baƙin kamfanoni su sayar wa 'yan ƙasa rabo, sai al'amari ya sake. Reshen da ke Nijeriya ya zama kamfani mai zaman kansa a shari'a, ga uwa a ƙetare mai babban kaso, ga kuma dubban mutanenmu masu ɗan abin da ya samu, cikinsu har da malamai da akawuna waɗanda suka zuba guminsu don ranar tsufa.

To, a nan gizo ke saƙa. Uwa ita ke da rinjaye wajen naɗa darektoci, ita ke ba reshe rance, ita ke sayar masa da kaya, ta kuma karɓi ladan sunanta. In ba a lura ba, riba sai ta bi ta bayan gida ta haye teku tun ba a zo rabo ba.

Abin da ya faru ga P.Z. Cussons ta Nijeriya ya isa misali. Uwarta ta Ingila, mai kashi 73 cikin 100, ta nemi saye sauran hannun jarin cikin 2023 a kan naira 21 kowane ɗaya, daga baya ta ƙara zuwa 23. Hukumar da ke kula da kasuwar ta ƙi yarda cikin 2024. Cikin 2025 kuma aka kawo shawarar a mai da bashin da uwar ke bin reshe ya zama hannun jari, ƙananan masu rabo suka kayar da ita, don sun ga kasonsu zai ƙanƙance.

Ba cewa muke yi a kori baƙi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙasar nan kuwa tana bukatar jarinsu da saninsu. Abin da muke cewa shi ne, darekta amanar kamfanin da yake zaune cikinsa ya ɗauka, ba ta wanda ya naɗa shi ba. Duk cinikin da za a yi tsakanin uwa da reshe a bayyana shi a fili, a kuma bar waɗanda ba su da hannu ciki su auna shi.

Ku kuma masu rabo, kada ku jefa takardar lissafin shekara cikin akwati. Ku karanta, ku halarci taro, ku yi tambaya, ku jefa ƙuri'a. Wanda ya yi barci a kan haƙƙinsa, kada ya zargi kowa. Allah ya sa mu gane.