Kura da Shan Bugu: Manoman Rif da Sabuwar Dokar Wiwi

A shekarar 2021 majalisar dokokin Maroko ta amince da doka mai lamba 13-21, wadda ta halatta noman tabar wiwi domin haɗa magani da ayyukan masana'antu. An yi ta yabon matakin a matsayin ci gaba. Sai dai masu yabon ba su cika tambayar rabon wanda ya daɗe riƙe da fartanya ba.

A tsaunukan Rif, musamman kewayen Ketama, an yi ƙarnuka ana noman wannan tsiro. Ƙasar dutse ce, hatsi ba ya ci da gida, hanyoyi da asibitoci sun yi ƙaranci. Da dokokin 1954 da 1974 suka haramta shi, nauyin hanin a kan talaka ya faɗa: dubban magidanta suka rayu da sammaci a wuyansu, wasu ko katin ɗan ƙasa suna tsoron zuwa sabuntawa, alhali dillalan da ke ƙetarar da kayan zuwa Turai ke kwashe ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sabuwar dokar ta taƙaita noman a larduna uku: Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate. Dole manomi ya shiga ƙungiyar gama-kai, ya nuna hujjar haƙƙinsa a kan gonar, ya shuka irin da hukumar ANRAC ta tantance, ya kuma sayar wa kamfani mai lasisi. Kowane sharaɗi yana da dalilinsa a takarda. Amma a ƙauyen da gona gadon kaka ce ba ta da takarda, ko take cikin dajin da gwamnati ke cewa nata ne, sharaɗin ya zama ƙofa a rufe. Daminar farko, a 2023, an yi ta da irin da aka shigo da shi daga waje. Sai a 2024 aka ba beldiya dama, irin gida mai jure fari wanda manoman suka adana tun kaka da kakanni.

Wasu za su ce wiwi guba ce mai lalata matasa, mai noma ta bai cancanci tausayi ba. Illarta gaskiya ce, kuma dokar ba ta halatta sha ba. To amma tunda hukuma ta yarda tsiron ya zama halattacciyar haja, da wane adalci za a buɗe wa mai jari kasuwa, a bar wanda ya sha ɗauri dominsa a bakin ƙofa?

Afuwar da Sarki Muhammadu na Shida ya yi wa mutum 4,831 a watan Agustan 2024 ta share hawaye, amma afuwa ba ta sa farashi. Abin da ya rage shi ne a warware matsalar takardun gonaki, a kare beldiya, a kuma ba ƙungiyoyin manoma kujera a inda ake yanke farashi da rabon lasisi. In ba haka ba, manomin Rif zai ci gaba da kai amfaninsa wurin dillalin dare, domin shi ne ke biya nan take.