Abin da ya kamata a sani: Zaman magabata da tiyar talaka

Ranar 3 ga watan Yuni 2015, shugaban ƙasar Najeriya, marigayi Muhammadu Buhari, ya sauka birnin Yamai. Kwana biyar ke nan da hawansa mulki, kuma Nijar ce ƙasar da ya fara ziyarta. Shugaba Isuhu Mahamadu ya tarbe shi, suka zauna kan batun tsaro da hulɗar ƙasashen biyu. A lokacin ƴan Boko Haram sun matsa wa jihar Diffa, don a watan Fabrairu na shekarar sun kai hari Boso da garin Diffa. Shugabannin biyu suka tsaida shawarar haɗa ƙarfin sojojinsu.

Manomin Korgom ko makiyayin Kanambakashe zai iya cewa: ina ruwana da maganar Yamai? Da ruwansa, ƙwarai kuwa.

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500. Waken da aka noma a Tasawa da Mayahi, da raguna da shanun da ake kiwo gefen Gulbin Kaba, da yawansu kasuwannin kudu suke zuwa, irin su Mai'aduwa da Jibiya. Daga can kuma ake samo masara da dawa da kayan masarufi. Ita ma wutar lantarkin jihar, layinta daga Katsina ya taso ya biyo ta Gazawa.

Magabatan farko sun gane haka. A 1971 shugaba Jori Hamani da Janar Yakubu Gowon suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu a Maiduguri, ranar 18 ga Yuli 1990, kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka ratsa iyaka.

Amma duk ranar da magana ta yanke, talaka ke biya. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyaka, ga kuma damina ba ta yi kyau ba. Dabbobi suka faɗi warwas, hatsi ya yi wuyar samu, har tsofaffi na kiran yunwar nan El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe. An sake rufewa a Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ma aka rufe, aka yanke wuta, sai a watan Maris 2024 hanya ta buɗe. Kowane karo wake ya kwanta cikin rumbu ba mai saye, kuɗin tiya ya hau, ƴan cin rani suka rasa hanya.

Ga kuma ɓarayin shanu da masu satar mutane da suka addabi Madarunfa da Gidan Runji. Ɓarawo na sata a nan ya tsallaka can. Soja ɗaya ba ya kama shi, sai da yardar maƙwabci.

Saboda haka zaman shugabanni ba shagalin bariki ba ne. Su ma mutanen karkara suna da nasu aiki. Kada magidanci ya saida hatsinsa duka da kaka. Mai zuwa kudu ya riƙe takardunsa. Wanda ya ga baƙon da bai yarda da shi ba, ko dabbar da ba a san mai ita ba, ya sanar da mai gari ko jandarmomi.

Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.