Wa Zai Yi Wa 'Ya'yanmu Na Turai Sallah?

 Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, wata magana ce da ta tsaya mani a rai tun ƙaramar Sallar da ta wuce.

Ranar, bayan mun sauko daga idi, gida ya cika da yara, ana ta fitar da tuwon Sallah gidajen maƙwabta, sai na kira ƙanwata da ke aure a Birmingham ta ƙasar Ingila don mu gaisa ta bidiyo. Na same ta a kicin ko kwalli babu a idonta. Maigidan ya tafi aiki tun asuba, 'yarta mai shekara takwas kuwa ga ta nan da kayan makaranta, jaka a baya. Na ce, "Ke 'yar nan, ina kayan Sallarki?" Ta dube ni da Hausarta da ba ta gama nuna ba ta ce, "Inna, yau ne?" Uwar ta yi dariya ta ce, "Yaya, nan fa ba gida ba ne, sai ran Asabar ma ɗan yi girki."

Wallahi ni ban yi dariya ba. Domin kuwa yarinyar nan ita ce a watan Disamba ta cika mani kunne da labarin fitilun Kirsimeti da wasan da suka yi a makaranta da hutun mako biyu. Ba laifinta ba ne, yaro abin da ya gani yake so. Amma in ya taso yana ganin bikin wasu da haske da kyauta, nasa kuwa rana ce kamar kullum, me zai ɗauka game da addininsa?

Mu da muka taso a Kano ba iyayenmu kaɗai suka yi mana Sallah ba, gari ne gaba ɗaya. Tela yana kwana a kan keke, mai kitso da mai lalle ba su da lokacin cin abinci, da safe a nufi filin idi na Ƙofar Mata, washegari a yi ta turereniya wajen kallon Hawan Daushe. Mu bi gidajen dangi muna karɓar goron Sallah, da dare mu zube kuɗin a tabarma muna ƙirgawa. To a Turai babu wannan garin. Abin da unguwa take yi wa yaro kyauta, a can sai uwa da uba sun yi shi da hannunsu, in kuwa ba su yi ba babu mai yi.

Wasu za su ce ai Sallah ibada ce, ba shagali ba. Gaskiya ne, amma shi farin cikin ma yana cikin addini. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa, sai ya gaya masu Allah Ya musanya masu da waɗanda suka fi su, wato ranakun idi biyu. Kuma a ranar idi ya bar 'yan mata suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, har ya hana Sayyidina Abubakar tsawatar masu.

Kuma ba a ce hanya a rufe take ba. A Ingila doka ta yarda yaro ya yi fashin makaranta saboda ranar bikin addininsa, takarda kawai za a rubuta wa makarantar. A birnin New York na Amurka tun 2015 makarantun gwamnati suka shigar da ranakun idi cikin hutunsu. A Landan tun 2006 aka fara taron Sallah a dandalin Trafalgar. Ita Birmingham ɗin ma da ƙanwata take, an saba tara dubban Musulmi sallar idi a filin Small Heath. Wasu al'ummomin sun tashi sun nemi haƙƙinsu, mu muna zaune muna cewa nan ba gida ba ne.

Shawarata ga iyaye ita ce, a nemi hutun aiki tun da wuri, kwana biyu saboda ganin wata. A aiko a yi wa yara ɗinki tun kafin azumi, a yi masu kitso da lalle, a ƙawata gida tare da su. Gida uku ko huɗu su haɗu, wannan ta yi waina, waccan miyar taushe, yara su bi gidajen suna gaisuwa ana ba su goron Sallah ko da fam ɗaya ne.

Abin da ya fi duka, a bai wa yaro aiki a cikin Sallar. Shi zai miƙa zakkar fidda kai a masallaci, a gaya masa ta wane ne da dalilinta. Da babbar Sallah, na san doka ba ta yarda a yanka rago a tsakar gida ba, shi ya sa da yawa suke turo kuɗin layya gida. Madalla, amma yaron bai ga komai ba. A karɓo nama wurin mahaucin halal, a soya tare da shi, a ba shi ya kai wa maƙwabta har da waɗanda ba Musulmi ba, a ba shi labarin Annabi Ibrahim da ɗansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai ɗanɗani daɗin Sallah yana shekara takwas ba, da wuya ya nemi hutu dominta yana shekara talatin, balle ya yi wa nasa 'ya'yan.

Na gaya wa ƙanwata duk wannan, ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, a yi mata ɗinki." Tuni atamfar tana wurin tela. Allah Ya shirya mana zuri'a a duk inda suke, Ya maimaita mana, amin.