Darasin da masu gyaran inji a Sharada za su koya daga masu nutso a teku

Mai nutso a teku da ya shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido ba ya ɗaukar duk kayansa. Kamfanoni irin su Carnival sun hana fasinja shiga da tukunyar iskar nutso, don haka yakan tafi da abin da aka auna da jikinsa kawai: gilashin fuska, abin shaƙar iska, da ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu mai lissafin zurfi da lokaci. Tukunya kuwa sai ya yi haya a tashar da jirgin ya tsaya.

Wannan tsari ya kamata matasan da ke gyaran inji da haɗa sola a Sharada, Challawa da Bompai su ɗauka. Yau aiki na kai su Legas, Abuja, har Saudiyya, kuma jakarsu cike take da batura: na injin huda, na fitila, na kwamfuta, ga fawa banki biyu ko uku. Da yawa ba sa tunanin ƙa'ida sai a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, lokacin da aka ce su bar kayan a baya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura, har da fawa banki, a jakar hannu yake tafiya, ba ya shiga kayan da ake sakawa a ƙasan jirgi. Wanda bai wuce 100Wh ba yana wucewa. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma guda biyu kawai. Abin da ya haura 160 fasinja ba ya tafiya da shi. Lissafin ma a waya ake yi: a ninka mAh da bolt, a raba da 1,000. Fawa banki mai 20,000mAh a bolt 3.7 ya zama 74Wh. Batirin injin huda mai bolt 18 da 5Ah ya zama 90Wh.

Wasu za su ce takura ce kawai. Amma a Janairun 2025 wuta ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma bincike ya fi zargin fawa banki da ke ma'ajiyar saman kujeru. Tun daga Oktoban 2025 kamfanin Emirates ya hana amfani da fawa banki a cikin jirgi. Batirin da ya kama wuta a gaban mutane ana iya kashe shi. Wanda ke ƙasan jirgi babu mai isa gare shi.

Mai hankali zai tafi da mita, kwamfuta da baturan da ƙa'ida ta yarda da su, ya rufe bakin kowane da salatif, ya ajiye wanda ya kumbura a gida. Tukunyar walda da babban batirin sola kuwa, a yi hayarsu can, ko a tura su ta kamfanin dakon kaya. Kuɗin haya na kwana uku bai kai asarar batirin da aka ƙwace ba, balle asarar kwangilar da aka je domin ta.